Zagayen Agogo

Shafi na 17

Masu cika min akwatin saƙo da "wai ina Malama ta kwana da takardarta", ku sarara min haka nan, ga ta ta iso. Wanda yau ya fara biyo mu shi ma ya samu wuri ya zauna, ba zai ɓata ba.

*

Biyar saura minti biyu Malama ta shigo lambun shaƙatawa, jaka a kafaɗa, hannu ɗaya a hammatar mijinta. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana shugabantar makarantar firamare, kuma ritaya ba ta rage mata komai ba. Har yau idan ta gyara zaman tabarau, ƙato mai gemu ma sai ya duba ko maɓallin rigarsa a buɗe yake.

Injiniya na gefenta yana jan ƙafar dama, yana dogara sandarsa ta ƙarfe mai ƙafa huɗu. Wata tara ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye. Magana ma ta tafi, ta bar masa kalmomin da ba su fi goma ba. Likitan gashin ƙashi bai ɓoye mata ba: ko dai ya riƙa takawa kullum, ko ƙafar ta sandare ya ƙare a gado. Duk unguwar kuma wuri ɗaya ne mai shimfiɗaɗɗen siminti, ba rami ba mota, wato da'irar da ta kewaye tsohon agogon tsakiyar lambu. Nan take kawo shi kullum ƙarfe biyar ya yi zagaye uku, ko ana ruwa, ko yana fushi.

Sai ga masu wasan waya sun mamaye wurin. Wai a cikin wasan nasu agogon nan "sansani" ne. Tun suna goma har suka haura sittin, kowa kai a sunkuye, suna kewaya agogo kamar an aike su neman allura. Kwana goma da suka wuce wani ya yi baya-baya yana kallon waya, ya bangaje sandar, Injiniya ya zube, gwiwa ta fashe. Washegari Malama ta fara tara sa hannu.

Yau kuma ranar jin sakamako ce.

Ta zaunar da shi a benci.

"Zauna nan. Yau zagaye sai an gama magana."

Ya ɗaga hannun hagu ya buɗe yatsu.

"Biyar."

"Na san biyar ce. Agogon da ya shekara goma a tsaye ba yau zai gudu ba."

"Biyar," ya sake cewa, ya kama bakin mayafinta.

Ta zare mayafin a hankali ta wuce.

Jami'in hukumar lambuna yana tsaye jikin agogo da fayil a ƙirji, yana ta share gumi. Ɗalibinta ne tun aji huɗu. Ranar da ta je ofishinsa ba ta zauna ba, shi ma bai iya zama ba, har sai da ya rubuta wa kamfanin wasan takarda a gabanta ta gyara masa waƙafi biyu.

Ta hau dakalin agogo ta tafa sau biyu.

"Kowa ya tsaya inda yake! Kada ƙafa ɗaya ta motsa. Wayoyi ƙasa."

Ku yarda ko kar ku yarda, suka tsaya. Makanikai da baƙin mai a hannu, 'yan banki da kwat, ɗaliban jami'a, wata mai goyo, har da wani mai furfura da ya yi sauri ya ɓoye tasa wayar a baya.

Wata mata ta ratso ta fito gaba. Ba za ta wuce talatin da biyar ba, da tef ɗin awo rataye a wuya.

"Mama, ina wuni."

"Lafiya. Ke ce shugabarsu?"

"Janar suke ce min. Tela ce ni."

"Janar. To madalla. Janar, sojojinki sun kayar min da miji."

"Mun ba da haƙuri, Mama. Wanda ya yi ma ya biyo ku har gida."

"Ya biyo, na ba shi ruwa ya sha ya tafi. Haƙurinsa ya ɗinke gwiwar?"

Malama ta ci gaba.

"Masu kawo yara lilo sun daina zuwa. Tsofaffin da ke karanta jarida a bencin can, yanzu sai dai su karanta a tsaye. Dubi ciyawa, kamar an yi kiwo. Ni kuma siminti taku tamanin kawai nake nema wa bawan Allahn nan, shi ma sai na yi ta 'gafara, gafara' kamar mai tallan itace."

"Mama, in yi magana?"

"Yi, ai ba a aji muke ba."

"Lambun nan namu ne mu ma. Ni daga keken ɗinki sai ɗaki, daga ɗaki sai keken ɗinki, har ƙafafuna suka fara kumbura. Wasan nan ne ya fito da ni. Kuma tsakani da Allah, kafin mu fara cika wurin nan, wace mace ce ke iya ratsa bayan bishiyoyin can ita kaɗai? 'Yan shaye-shaye ne suka gaji wurin. Yanzu ina suke?"

Wasu suka ce, "Faɗa mata, Janar!"

Malama ta waiwaya ta kalle su ta saman tabarau. Bakin kowa ya mutu.

"Maganarki akwai gaskiya a ciki," ta ce. "Amma gaskiyarki ba ta da gwiwar da ta fashe. Kai, karanta musu."

Jami'i ya buɗe fayil, ya yi gyaran murya.

"Kamfanin ya amsa da safiyar yau. Bisa ƙorafin mutum ɗari da goma sha biyu, za su cire sansanin daga wannan lambu."

"Yaushe?" in ji Janar.

"Yau. Sun ce kowane lokaci kafin ƙarfe shida."

Wurin ya kaure. Wani ya dafe kai, wani ya ce wallahi zalunci ne, mai goyo ta yi tsaki har ɗan bayanta ya farka. Malama kuwa ta naɗe hannu a ƙirji. Daɗi ne ya cika ta fal, ba ta kuma ga dalilin ɓoyewa ba.

Janar ba ta yi hayaniya ba. Ta dai girgiza kai.

"Ni ba kaina nake ji ba. Kunkuru nake tausaya wa."

"Waye kuma Kunkuru?"

"Shi ke riƙe da sansanin, Mama. Dokar wasan ita ce, duk wanda ya kama sansani sai ya zo da ƙafarsa kullum ya kewaya shi sau uku kafin biyar da rabi. Rana ɗaya ya fasa, ya faɗi, mu kuma mu dira a kai. Mafi naci a cikinmu kwana tara ya yi. Aiki zai riƙe ka, ko ruwa ya tsare ka, ko biki ya taso."

"Shi fa?"

"Yau kwanansa sittin da huɗu."

"Sittin da huɗu!"

"Ko fashin rana ɗaya. Duk ƙasar nan babu mai irin wannan. Shi ya sa kike ganin mutane har daga wasu unguwanni. Kowa jira yake ranar da Kunkuru zai makara."

Malama ta sauke hannu ta riƙe ƙugu.

"Au! Ashe mutum ɗaya ne ya tara min wannan gayyar? To ya fito. Kunkuru, fito in ga idonka!"

Babu wanda ya motsa.

"Ba mu san shi ba, Mama. Kullum a cikin cunkoso yake yin nasa ya tafi. Mun zargi juna har mun gaji."

"Marar aikin yi ne, shi ya sa. Mutum ya kwana sittin da huɗu yana kewaya mataccen agogo! In yana da mata, to ba ta iya tsawa ba. Da a gidana yake, da tuni na raba shi da wayar nan na ba shi tsintsiya."

Aka ɗan yi dariya, dariyar da ba ta kai ciki ba.

Wani ɗan banki ya saci kallon wayarsa.

"Biyar da minti goma sha takwas. Yau ko ba a cire ba Kunkuru ya faɗi. Kowa a tsaye yake."

"Kuma a tsaye za ku ci gaba da zama," in ji Malama, "sai na gama."

Ƙwas.

Ta san ƙarar nan ko a mafarki. Ƙarfe ne a kan siminti.

Ƙwas.

Ta juya.

Injiniya ne a tsaye. Shi kaɗai. Wata tara bai taɓa tashi daga zaune ba sai ta sa kafaɗa ta ɗago shi, amma ga shi ya bar benci har da taku uku, jijiyar wuyansa ta fito, gumi na bin gefen kunnensa.

Ta diro daga dakali, jaka na faɗuwa.

"Injiniya! Ka haukace ne? Tsaya in riƙe ka!"

"Bari."

"In bari ka sake faɗuwa?"

"Ba-ri."

Ya ɗaga sandar ya dire ta a kan da'irar.

A daidai lokacin wayoyi sittin suka yi ƙara tare, ƙilin!

Janar ta ɗago tata. Ta kalli allon, ta kalli tsohon, ta sake kallon allon. Ta juya ta dubi jama'arta ɗaya bayan ɗaya, kowa na nan daskare inda Malama ta dasa shi. Mutum ɗaya ne kawai ke tafiya a duk faɗin lambun.

"Mama..."

"Mene ne?"

"An rubuta, Kunkuru ya fara zagaye."

"To sai me? Ina ruwana da..."

Idonta ya sauka a aljihun gaban rigar mijinta, inda kan wayarsa ya leƙo yana walƙiya da koren haske.

Mai furfura ne ya fara magana, da 'yar siririyar murya.

"Baba ne. Wallahi Baba ne Kunkuru."

Sai abubuwa suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Ranar da likitan gashin ƙashi ya karɓi wayar ya yi danne-danne, suka haɗa ido da Injiniya suna murmushi, ya ce mata, "Na saka masa abin motsa yatsu ne." Yadda kullum in an gama zagaye na uku yake zaro wayar ya latsa da babban yatsa, ita kuma tana gefe tana harara da tsine wa masu wasa. Washegarin faɗuwarsa ma, da bandeji a gwiwa, shi ya fara nuna mata ƙofa. Har waya ta buga wa ƙanwarta tana alfahari, wai ta horar da shi ya san lokaci.

Ashe ita ce ta riƙe wa Kunkuru sansani. Ita ce ba ta yarda da fashi ba, ko ana ruwa, ko yana fushi.

"Innalillahi," ta ce a hankali. "Ni ce matar da ba ta iya tsawa ba."

Kunya ta kama ta, irin wadda rabonta da ita tun tana budurwa. Amma Malama ba ta iya daɗewa a cikin kunya ba. Ta share fuska da gefen mayafi ta juya kan jami'i.

"Kira su."

"Su wa, ranki ya daɗe?"

"Kamfanin. Ka ce an fasa."

"Ba su da lambar kira. Saƙo kawai ake tura musu, kuma wancan ma sai da ya kwana bakwai."

"To rubuta. Yanzu. Ka ce mai ƙorafin ta janye."

"Sauran mutum ɗari da sha ɗaya fa?"

"Ni na sa su suka sa hannu, ni zan sa su su cire. Rubuta, kuma ka kula da waƙafi."

Ya duƙufa a kan wayarsa.

Ta juya ga Janar.

"Minti nawa ya rage masa?"

"Goma sha ɗaya."

"Kullum sha biyar yake yi, saboda 'gafara, gafara'. Yau babu gafara. Kwashe min sojojinki daga kan simintin nan."

Janar ta cire tef daga wuya ta kaɗa shi sama.

"Kun ji! Kowa kan ciyawa! Layi biyu, ku bar masa hanya. Kai mai kwat, ɗauke ledar can kar ta zame shi!"

Nan da nan da'irar ta buɗe fes. Rabon da Malama ta ga simintin nan gaba ɗayansa tun kafin damina. Ta so ta bi bayan mijinta da hannu a miƙe yadda ta saba, sai ta ga ya waiwayo ya harare ta da ido ɗaya. Ta koma ta tsaya a layi kamar kowa.

Ƙwas. Ja. Ƙwas. Ja.

Wani makanike ya fara tafi a hankali, daidai da saukar sandar. Na kusa da shi ya kama. Kafin Injiniya ya kai bayan agogo, duk lambun ya ɗauka, har tsofaffin jarida sun matso suna tambayar me ake yi.

Ƙilin!

"Ɗaya!" in ji jama'a.

"Saura bakwai da rabi," Janar ta raɗa mata.

"Zai kai."

"Mama, ƙafar tana rawa fa."

"Na ce zai kai. Shekara arba'in nake tare da shi. Mutumin da ya gina gada a kan kogi ruwa na cin mutane, taku tamanin ne zai gagare shi?"

A zagaye na biyu, da ya iso saitinta, ya tsaya. Numfashinsa na fita da ƙyar.

"Wuce mana, lokaci!" ta ce.

Bai wuce ba. Ya jingina da sandar, ya ɗaga hannun hagu ya bugi ƙirjinsa, daidai kan aljihun. Leɓɓansa suka yi ta kokawa.

"Malama... ni."

"Na ji, kai ne."

"Ni... na riƙe. Ni kaɗai."

Kalma huɗu a jere, har biyar. Rabon da ta ji haka daga bakinsa tun ranar da ciwon ya kayar da shi a banɗaki.

Sai yanzu ta gane. Wata tara ita ke ba shi abinci a baki, ita ke ɓalle masa maɓalli, ita ke amsa gaisuwar da aka yi masa. Ko ruwa ya nuna, kafin ya miƙa hannu ta kai masa baki. A duk duniya abu ɗaya ne ya rage wanda ya yi da kansa, ba da hannunta ba, ba da izininta ba. Shi ne kuma ta bi gida-gida ta tara mutum ɗari da goma sha biyu don a ƙwace.

Hawaye ya taho mata, ta mayar da shi da ƙarfin tsiya.

"To riƙe abinka. Wuce, Kunkuru, kar ka ba ni kunya a gaban yara."

Rabin fuskarsa ya yi dariya. Ya ɗaga sanda.

Ƙilin!

"Biyu!"

"Ka tura?" ta tambayi jami'i ba tare da ta kalle shi ba.

"Na tura, ranki ya daɗe. Sau uku."

"Sun amsa?"

"Tukuna."

"Ƙara na huɗu."

Zagaye na uku ya fi kowanne nauyi. Ƙafar dama ta fara ja da baya, takalmin na goge siminti. Sau biyu sandar ta karkace, sau biyu mutum sittin suka ja numfashi tare, sau biyu ya daidaita ta. Ya kewaya bayan agogo, ya ɓullo ta ɗaya gefen. Saura taku kamar ashirin, lokaci kuma akwai sauran minti biyu cur.

Malama ta gyara tsayuwa. Har ta fara tsara yadda za ta ba ƙanwarta labari.

Sai wayoyin suka yi wata ƙara daban, gajera, mara daɗi.

Tafin ya fara yankewa daga can baya. Ta ga kawuna suna sunkuyawa ɗaya bayan ɗaya. Ɗan banki ya rufe baki da hannu.

Janar ta matso har kafaɗarsu ta haɗu, ta miƙo mata allon a ɓoye. Hoton lambun ne, ga bishiyoyi, ga lilo. Inda agogo yake kuwa babu komai sai fili, da rubutu ƙanana a ƙasa: An cire wannan wuri bisa ƙorafin jama'a.

"Kwanakinsa fa?" Malama ta tambaya, leɓe kawai ke motsi. "Sittin da huɗun?"

"Sun tafi da sansanin, Mama. Ko sunansa babu."

Injiniya bai sani ba. Wayar na aljihu, idonsa na kan siminti, yana ƙirga takunsa. Saura goma sha biyu.

Duk idanu suka dawo kanta.

Malama ta cire tabarau ta saka a aljihu. Ta dubi layin dama, ta dubi na hagu, irin kallon da ya riƙe yara dubu a filin makaranta. Ba ta ɗaga murya ba, amma babu wanda bai ji ba.

"Wa ya ce ku daina tafi?"

Ta buga tafin farko da kanta. Janar ta bi, hawaye na zuba a kan tef ɗinta. Makanikai suka kama, sai kowa, har ya fi na ɗazu ƙarfi.

Biyar. Huɗu. Uku.

Ya dire sandar a kan layin da ya fara, ya tsaya ƙyam a kan ƙafafunsa biyu.

"Uku!" jama'a suka yi ihu, duk da babu wayar da ta yi ƙara.

Injiniya ya ɗago kai, jiƙe sharkaf da gumi, fuska a washe. Ya neme ta a cikin mutane har ya same ta. Ya yafito ta da haɓa.

"Malama. Zo... ki gani."

Ya zura hannu a aljihu.